Sigarin lantarki: wa ya rage wa cuta, wa ya ƙara wa?

A watan Afrilun 2023 gwamnatin Birtaniya ta sanar da cewa za ta raba wa mashaya sigari miliyan ɗaya a Ingila sigarin lantarki kyauta, don su bar na kunnawa da ashana. Shekara huɗu kafin nan, a 2019, Indiya ta haramta ƙera shi da shigo da shi da sayar da shi, har da hukuncin ɗauri a kai. Ostareliya kuwa tun Yulin 2024 ba a sayar da shi a ko'ina bisa doka sai a kantin magani. Duka ƙasashen nan uku suna da ƙwararrun likitoci, kuma sakamakon bincike ɗaya suke karantawa. Abin da ya raba su shi ne mutumin da kowace ta sa a gaba. Ingila tana kallon magidanci ɗan shekara 50 da ya shekara 30 yana shanye kwali guda a rana. Indiya da Ostareliya suna kallon yaro ɗan shekara 15 da bai taɓa sa karan sigari a baki ba. Na'urar ɗaya ce, amma abin da take yi wa mutanen nan biyu ba ɗaya ba ne, kuma duk wanda zai yi maganar illarta ga lafiyar al'umma nan da shekara 30, dole ya fara faɗin hannun wa ta fi shiga.

In aka buɗe kowane irin sigarin lantarki, daga wanda bai wuce biro ba har wanda ke cika tafin hannu, abu huɗu za a tarar: batir, da siririyar waya da aka naɗe ta zama kwayil, da lagwanin auduga da ke manne da wayar, da ɗan tanki mai ruwa. Da mutum ya zuƙa, batir ya tura wuta, waya ta yi zafi, ruwan da lagwani ya tsotso ya tashi ya zama hazo. Galibin ruwan sinadarai biyu ne, gilisarin da furofilin gilaikol, sai nikotin da kayan ƙamshi da ɗanɗano. Masu talla kan ce tururin ruwa ne kawai, wannan kuma ba gaskiya ba ne: ƙananan ɗigo-ɗigon sinadaran nan ne ke shiga har ƙasan huhu. Wani masanin haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin mai suna Hon Lik ne ya ƙera irin wanda aka sani yau a 2003, shi kansa mashayi ne, mahaifinsa kuma kansar huhu ce ta kashe shi. Sigarin nasa ya shiga kasuwar Sin a 2004, ya isa Turai da Amurka wajen 2006 da 2007, kuma har yau mafi yawan wanda ake sha a duniya a birnin Shenzhen ake ƙera shi.

Babban bambancinsa da sigari shi ne babu ƙonewa. Bakin karan sigari yana kaiwa kusan digiri 900 a lokacin zuƙa, kuma wannan ƙonewar ganyen taba ce ke haifar da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga ciki an tabbatar suna jawo kansa, ga baƙar kwalta da ke liƙewa a huhu, ga iskar kabon monoksaid da ke hana jini ɗaukar iskar shaƙa yadda ya kamata. Wayar sigarin lantarki, in komai na tafiya daidai, tana tsayawa ne wajen digiri 200 zuwa 250. Tun 1976 wani likita a Landan, Michael Russell, ya faɗi maganar da duk wannan muhawara ta ginu a kai, cewa mutane don nikotin suke shan sigari amma kwaltar ce ke kashe su. Nikotin shi ke kama mutum ya hana shi bari, yana ƙara gudun zuciya, yana ɗaga jini na ɗan lokaci, yana cutar da ɗan tayi, amma ba ya cikin jerin abubuwan da hukumar binciken kansa ta duniya ta tabbatar suna jawo kansa.

Wannan bambanci ana ganinsa a jikin mutane, ba a takarda kawai ba. A wani bincike da aka wallafa a 2017 an auna fitsari da yawun mutum 181 a Birtaniya. Waɗanda suka bar sigari gaba ɗaya suka koma na lantarki na aƙalla wata shida, an samu ragowar wani sinadarin taba mai jawo kansar huhu ya ragu a jikinsu da kusan kashi 97 cikin 100 in aka kwatanta da masu shan sigari. Waɗanda ke haɗa biyun kuwa, gwajinsu bai yi wani nisa da na mashaya sigari ba. A 2018 majalisar masana kimiyya da likitanci ta Amurka ta duba bincike sama da 800, ta ce hujja ta tabbata cewa sauyawa gaba ɗaya yana rage yawan gubar da ke shiga jiki.

Akwai adadin da ya yi suna, cewa sigarin lantarki ya fi sigari sauƙin illa da kashi 95 cikin 100. Hukumar lafiyar jama'a ta Ingila ce ta yaɗa shi a 2015, kuma ya kamata a san asalinsa. Ba a ƙirga marasa lafiya aka same shi ba. Wasu ƙwararru 12 ne suka zauna suka ba kayan nikotin daban-daban maki gwargwadon fahimtarsu, kuma su da kansu sun rubuta cewa hujjar da ke hannu a lokacin ba ta da yawa. Mujallar likitanci ta The Lancet ta soki yadda aka mai da ƙiyasi tamkar awo. Babban rahoton da masu bincike na King's College a Landan suka yi wa gwamnati a 2022 ya fi taka-tsantsan: a gajere da matsakaicin lokaci haɗarinsa ɗan kaɗan ne daga na sigari, amma ba a ce babu ba. Wannan ita ce maganar da hujja ta ɗauka. Rage guba da kashi kaza ba ya nufin cuta ta ragu da daidai wannan kashin, musamman a abin da ya shafi zuciya.

Inda abin ke ɓaci a na'urar kanta sananne ne. In ruwan tanki ya kusa ƙarewa, ko mutum ya jera zuƙa ba tare da ba lagwani sakan 20 ko 30 ya sake jiƙewa ba, ko ya ƙara ƙarfin wuta fiye da abin da aka rubuta a jikin kwayil, audugar sai ta bushe. Da ta bushe zafin waya ya haura, gilisarin da abokinsa su fara farfashewa zuwa fomaldehaid da akrolin, waɗanda duka guba ne da ake samu a hayaƙin sigari. Mai sha yana jin alamar nan take: ƙauri a baki, da kartar maƙogwaro mai sa tari. In aka ciro irin wannan kwayil za a ga audugar ta yi baƙi a tsakiya, wayar kuma ta yi ɓawon burodin datti, musamman in ruwan mai zaƙi ne, don kayan zaƙi suna daskarewa a kan waya. Shi ya sa ake barin sabon kwayil ya jiƙa minti biyar zuwa goma kafin zuƙar farko, a kuma canza shi da zarar ɗanɗano ya juya, galibi cikin mako ɗaya zuwa uku. Ita ma wayar tana saki. Masu bincike a jami'ar Johns Hopkins sun auna na'urorin mutum 56 a 2018, suka samu nikel da kuromiyam da dalma a hazon da yawa daga ciki.

Kayan ƙamshi sun fi ba masana huhu tsoro, don akwai dubban haɗe-haɗe a kasuwa, kuma lasisin da yawancinsu ke da shi na ci ne. Abin da ciki ya yarda da shi ba lallai huhu ya yarda da shi ba. Misalin da aka fi sani shi ne dayasetil, sinadarin da ke ba da ƙamshin man shanu, wanda ya lalata ƙananan hanyoyin numfashin ma'aikatan wata masana'antar gugguru a jihar Misuri ta Amurka wajen shekarar 2000. An hana sa shi a ruwan sigarin lantarki a Birtaniya tun 2016, kuma hayaƙin sigari ma yana ɗauke da shi fiye da yadda aka samu a yawancin ruwan. Amma inda babu mai auna ruwan kafin ya shiga kasuwa, babu mai hana shi.

Annobar 2019 a Amurka ta nuna haka ƙarara. Daga tsakiyar shekarar zuwa Fabrairun 2020 an kwantar da mutum 2,807 a asibiti da mummunan ciwon huhu, 68 suka mutu, yawancin marasa lafiyar matasa ne. Da aka bi diddigi sai aka gano cewa mafi yawansu ruwan tabar wiwi na kasuwar bayan fage suka zuƙa, wanda aka sirka da wani mai na bitamin E don ya yi kauri. An samu man a ruwan huhun 48 daga cikin marasa lafiya 51 da aka gwada. Da aka daina sirkin, cutar ta lafa. Ba ruwan nikotin na bisa doka ne ya jawo ta ba, amma ta koyar da cewa na'urar ba ta tambayar abin da aka zuba mata. Sauran haɗurran na kusa ne: batir da aka sa tsirara a aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi yana iya kamawa da wuta, ƙaramin yaro kuma in ya sha ruwan nikotin mai ƙamshin alawa, ko da ɗan kaɗan ne, yana iya kai shi ga halaka.

To ina cututtukan dogon lokaci, kansa da toshewar huhu da shanyewar ɓarin jiki? A nan gizo ke saƙar, kuma tarihin sigari kansa ne ke bayyana dalili. Maza a Turai da Amurka sun rungumi sigari sosai tun Yaƙin Duniya na Farko, amma kansar huhu ba ta fara cika asibitoci ba sai bayan shekara 20 zuwa 30. Sai 1950 Richard Doll da Bradford Hill suka wallafa hujjar alaƙar. A 1951 suka fara bin likitoci maza sama da 34,000 a Birtaniya, aka ci gaba da bin su shekara 50, sannan aka iya faɗi da tabbaci cewa sigari yana kashe aƙalla rabin masu dogewa a kansa, yana kuma rage musu kusan shekara 10. Sigarin lantarki kuwa bai yaɗu sosai ba sai bayan 2010, irin mai nikotin mai ƙarfi kuma bayan 2015. Wanda ya fara shi yana ɗan shekara 15 a 2018 ba zai kai 45 ba sai 2048, kuma daga wannan shekarun ne cututtukan nan ke fara bayyana. Duk wanda ya ce ya ƙirga masu kansar sigarin lantarki ya samu babu, ko ya samu da yawa, ya riga lokaci.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan wuyar warwarewa. Mafi yawan manyan da ke shan na lantarki tsofaffin mashaya sigari ne. In mutum ya sha sigari shekara 25, ya koma na lantarki shekara uku, sannan zuciyarsa ta buga, wanne za a ɗora wa? Sau da yawa ma ciwon ne ya sa shi sauyawa. A 2019 mujallar ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta wallafa wani bincike da ya ce sigarin lantarki yana ninka haɗarin bugun zuciya, sai a 2020 ta janye shi, bayan an gano cewa da yawa daga cikin mutanen zuciyarsu ta buga tun kafin su taɓa na'urar. Don haka duk labarin da ya ce an gano masu shansa sun fi kamuwa da cuta kaza, tambayar farko ita ce ko an ware waɗanda ba su taɓa shan sigari ba, kuma wanne ya riga wani. Abin da aka iya gani tun yanzu shi ne na kusa: bayan zuƙa jijiyoyin jini suna ɗan ƙagewa, bugun zuciya yana ƙaruwa, matasa masu sha sun fi takwarorinsu kukan tari da shessheƙa da tashin asma. Waɗannan ba abin rainawa ba ne ga wanda zai ɗora su a kan jikinsa shekara 40.

Batun barin sigari ya fi kowanne samun hujja mai ƙarfi, don an yi gwaji na raba mutane ta hanyar ƙuri'a. A Ingila, a binciken da aka wallafa a 2019, an raba mashaya 886 gida biyu, aka ba rabi sigarin lantarki, rabi kuma filasta ko cingam ko sauran magungunan nikotin, kowa kuma yana ganin mai ba da shawara. Bayan shekara guda kashi 18 cikin 100 na rukunin farko sun bar sigari, na biyu kashi 9.9. A Suwizalan an yi makamancinsa da mutum 1,246, aka wallafa a 2024, aka samu kashi 28.9 da 16.3 bayan wata shida. Ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta tattara irin waɗannan gwaje-gwaje ne, ta taƙaita cewa a cikin mutum 100, takwas zuwa goma za su bari da sigarin lantarki, shida da magungunan nikotin. Riba ce ta gaske, amma a lura da girmanta: ko da shi, mafi yawa ba sa bari a yunƙurin farko. A kuma lura da wani adadi a binciken Ingilan: cikin waɗanda suka bar sigari da na lantarki, kashi 80 cikin 100 suna nan suna shansa bayan shekara, alhali cikin waɗanda suka bari da filasta da cingam kashi 9 ne kawai ke ci gaba da su. An rabu da hayaƙi, ba a rabu da nikotin ba. Ga wanda sigari zai kashe wannan ciniki ne mai kyau, amma yana nufin za a samu miliyoyin mutanen da za su zuƙi hazon nan shekaru da yawa.

Mafi munin wuri shi ne tsakiya. Mutum ya sayi na lantarki yana sha a ofis da cikin mota da gaban iyali, amma bai bar karan safe da na bayan cin abinci da na dare ba. Daga 20 ya dawo biyar, yana ganin ya rage haɗari da kashi uku cikin huɗu. Zuciya ba ta lissafi haka. Wani babban nazari da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da tsakanin kashi ɗaya bisa uku da rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya da shanyewar jiki da mai shan 20 ke ciki, don ɗan hayaƙi kaɗan ya isa ya sa jini saurin daskarewa ya kuma ji wa bangon jijiya ciwo. An gudu ba a tsira ba ke nan. A ƙididdigar 2024 a Birtaniya, kusan kashi 39 cikin 100 na masu shan na lantarki suna haɗawa da sigari.

Dalilin maƙalewa a tsakiya sau da yawa na aiki ne, ba na raunin zuciya ba. Mai shan kwali guda a rana yakan fara da ruwa mai nikotin miligiram 3 ko 6 a kowace mililita, wai don ya rage guba, alhali abin da zai kashe masa ƙishirwa 18 ne ko 20. In bai ƙoshi ba sai ya koma kara, ko ya riƙa zuƙa ba ƙaƙƙautawa, ya ƙone ruwa ninki biyu, ya shaƙi fomaldehaid fiye da wanda ya fara da mai ƙarfi. Zuƙar ma daban ce: ta sigari gajeriya ce mai ƙarfi, nikotin ya kai ƙwaƙwalwa cikin sakan 10 zuwa 20, ta na lantarki kuwa doguwa ce a hankali, kuma ana ɗan jira kafin a ji. Asibitocin barin taba da suka ƙware suna sa ranar da za a bar kara gaba ɗaya, a zauna a kan ƙarfin da ya isa har sai an daina sha'awar hayaƙi, sannan a fara sauka daga 20 zuwa 12 zuwa 6 zuwa 3 cikin watanni, da niyyar ajiye na'urar ita ma. Mai ciki da mai ciwon zuciya kuwa sai da shawarar likita, kuma akwai ƙwayoyi irin su bareniklin da sitisin da ke taimaka wa bari ba tare da nikotin ba.

Duk wannan lissafin manya ne. Na yara ya canza ne a 2015 da wani sigarin lantarki mai suna Juul ya fito a Amurka. Kafin nan ruwa mai nikotin da yawa yana ƙona maƙogwaro, wanda bai saba ba ba ya iya jurewa, kuma wannan zafin shi ne katangar da ke korar sabon shiga. Kamfanin da ya ƙera Juul ya haɗa nikotin da wani asid, ya zama abin da ake kira gishirin nikotin, mai santsi a wuya ko da ya kai miligiram 59 a mililita, wato kusan ninki uku na iyakar 20 da Tarayyar Turai ta sa. Kamfanin da kansa ya ce ɗan kwanson ruwa ɗaya daidai yake da kwalin sigari guda. Ga ƙamshin mangwaro da na'a-na'a, ga na'ura mai kama da filashin kwamfuta da ke ɓuya a tafin hannu. Ɗaliban babbar sakandare masu sha a Amurka sun tashi daga kashi 11.7 cikin 100 a 2017 zuwa 20.8 a 2018 zuwa 27.5 a 2019. Bayan an ɗaga shekarun saye zuwa 21 a ƙarshen 2019, aka takura wa kayan ɗanɗano, aka kai kamfanin kotuna, adadin ya sauko zuwa 7.8 a 2024. Wato doka tana aiki in an yi da gaske. Damuwar ita ce ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma wanda nikotin ya kama da ƙuruciya ya fi shan wuyar kuɓuta.

Shin sigarin lantarki ƙofa ce ta shiga shan sigari? Binciken da ya bi matasa ya nuna cewa wanda ya fara da na lantarki ya fi takwaransa yiwuwar gwada sigari da kusan ninki uku. Masu ja da wannan suna cewa yaron da ke son gwada abu zai gwada duk wanda ya fara samu, kuma da ƙofar faɗi gare ta da an ga shan sigari ya ƙaru. Bai ƙaru ba: a manyan sakandaren Amurka ya faɗo daga kashi 15.8 a 2011 zuwa 5.8 a 2019, shekarar da na lantarki ya kai ƙololuwa, zuwa 1.7 a 2024. Duka maganganun biyu za su iya zama gaskiya a lokaci guda, wasu yaran ya ja su zuwa kara, wasu ya tare su daga shi, kuma a Amurka na biyun bai gaza na farkon ba. Amma wannan bai wanke shi ba, don akwai rukuni na uku, waɗanda da ba za su taɓa kusantar nikotin ba. A Ingila, manyan da ke shan na lantarki ba tare da sun taɓa zama mashaya sigari ba kusan 133,000 ne har zuwa 2021. Da irin wanda ake yarwa in ya ƙare ya cika kantuna, mai arha da launi da zaƙi, suka kai kusan miliyan ɗaya a 2024, yawancinsu matasa. Waɗannan babu sigarin da aka raba su da shi, duk abin da hazon zai yi musu asara ce tsantsa. Birtaniya ta haramta irin na yarwan daga 1 ga Yunin 2025, bayan an ƙiyasta ana zubar da miliyan biyar a mako, kowanne da batirinsa.

A kan yawan masu shan sigari a ƙasa baki ɗaya, kwatancen da ya fi koyarwa shi ne na maƙwabta biyu. Niyu Zilan ta bar shi a kantuna tana ƙarfafa mashaya su sauya, masu shan sigari kullum suka sauko daga kashi 11.9 a 2019 zuwa 6.8 a 2023. Ostareliya ta tsaurara, nata suka sauko daga 11 zuwa 8.3 a kusan wannan tsakanin. Niyu Zilan ta fi sauri, amma ta biya da 'ya'yanta: kusan ɗaya cikin goma na 'yan shekara 14 da 15 suna zuƙa kullum a 2023. Ostareliya kuma ba ta hana shi shiga ba, kasuwar bayan fage ce ta karɓe cinikin, har gungun masu laifi suna ƙona shagunan taba a Melbon kan rikicin wa zai mallaki kasuwar taba da sigarin lantarki na sumoga. A Birtaniya mashaya sun ragu daga kashi 20 a 2011 zuwa 11.9 a 2023. Ba daidai ba ne a ba na'urar duk ladan, don raguwar ta faro tun shekaru da dama kafin a ƙera ta, da haraji da hana talla da hana sha a wuraren taruwa. A Amurka an sauko daga kashi 42 a 1965 zuwa kusan 20 kafin kowa ya san ta. Abin da za a iya cewa shi ne inda aka bar manya suka same shi, raguwar ba ta tsaya ba, a wasu wuraren ma ta ƙara sauri.

Wani abin takaici shi ne saƙon da aka yi don yara ya fi isa kunnen manya. A 2023 kashi 57 cikin 100 na mashaya sigari a Ingila sun ɗauka na lantarki daidai yake da sigari a illa ko ma ya fi. Wanda ya yarda da haka ba shi da dalilin sauyawa, sai ya zauna a kan abin da aka tabbatar yana kashe sama da mutum miliyan bakwai a duniya kowace shekara. Dole a iya faɗin gaskiya biyu tare, cewa ga mashayi sauyawa gaba ɗaya ya fi zama, ga wanda ba ya sha kuma farawa cutar da kai ce.

Ribar da Ingila ke ƙirgawa ta dogara ne da yawan mashayan da za a ceto, da kuma hukumar da ke auna ruwa, ta tsayar da ƙarfin nikotin a miligiram 20, tanki a mililita biyu, ta hukunta mai sayar wa yaro. Ƙasar da mashayanta ba su da yawa, matasanta kuma su ne mafi rinjaye, lissafinta ya juye: waɗanda za a ceto kaɗan ne, waɗanda za a kama da yawa, musamman 'yan mata a wuraren da mata ba su saba shan sigari ba amma na'ura mai ƙamshin 'ya'yan itace da ba ta barin wari ba ta da wannan tambarin. A ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙasashe 34 sun haramta sayar da shi, 88 ba su da mafi ƙarancin shekarun saye, 74 ba su da wata doka a kansa sam. A irin waɗannan kasuwanni ne ake samun na yarwa mai ruwa mililita 10 da nikotin miligiram 50 a kowace, wato miligiram 500 a na'ura ɗaya, fiye da ninki 12 na abin da doka ta yarda a Turai. Ita kanta Sin ta hana sayar da duk wani ɗanɗano in ba na taba ba a cikin gida tun Oktoban 2022, amma masana'antunta suna ci gaba da fitar da masu zaƙin waje. Manyan kamfanonin sigari kuma suna ɓangarorin biyu: Altria mai Marlboro a Amurka ya zuba dala biliyan 12.8 a Juul a 2018, British American Tobacco ke da sigarin lantarkin Vuse, kuma ba su daina tallan kara ba a duk inda doka ta bar su.

Aikin da ya rage wa asibitoci ƙarami ne amma komai ya rataya a kansa. A wurare da yawa katin mara lafiya yana tambayar sigari ne kawai, mai shan na lantarki ya ce ba ya sha, a rubuta shi cikin marasa sha. Kamata ya yi a riƙa rubuta shekarar da ya fara, da irin na'urar, da ƙarfin nikotin, da yawan ruwan da yake ƙonawa a mako, da ko ya taɓa shan sigari da tsawon lokacin, da ko yana haɗawa da wiwi. Waɗanda suka fi muhimmanci a bi su ne matasan da ba su taɓa shan kara ba, don a huhunsu da jijiyoyinsu ne kaɗai za a ga aikin hazon shi kaɗai, kuma a riƙa auna ƙarfin numfashinsu da hawan jininsu tun suna 'yan shekara 20, kafin a samu abin da za a kwatanta da shi in sun kai 40.